ƘULLIN DA KE WUYAN MURJA

SHAFI NA 19

"Sake dubawa dai, Murjanatu. Can ƙasan akwatin."

"Na duba, Yallaɓai. Sau uku."

"Jakar da kika je asibiti da ita fa?"

"Ga ta nan a gabanka, na zazzage ta tas."

Zainul Abidin ya tsaya tsakiyar ɗakin riƙe da ƙugu. Wata bakwai da aurensu, bai taɓa ganin ɗakin Murja a hargitse haka ba. Atamfofi zube kan gado, kwalloli duk a buɗe, har katifa an ɗage an jingine da bango.

Abin da suke nema bai kai sabulun wanka girma ba. Ɗan farin akwatin roba ne, a cikinsa wasu siraran gilasai huɗu da ɗan dunƙule mai kama da kyandir. A jikinsu aka shafa abin da allura ta zuƙo daga ƙullin da ya fito mata a wuya.

Murja ta zauna bakin gado, hannunta ya kai kan ƙullin ba da saninta ba. Maganar Likita Basira ta ranar Talata a Katsina take ta dawo mata.

"An duba, Murja. Ba su ce ciwon daji ba ne, ba su kuma ce ba shi ba ne. Abin ya tsaya a tsakiya. Amma akwai wani gwaji da ake yi a Legas. Su ba siffar ƙwayoyin suke kallo ba, cikinsu suke shiga su karanta rubutun halittarsu. In ciwon ne, yawanci yakan bar alamarsa a nan. In sun ga alamar, mu yi aiki ba jira. In ba su gani ba, mu bar miki wuyanki mu riƙa lura da shi. Ki riƙe akwatin nan kamar ranki, Litinin za a aika."

Yau Asabar.

"Kira likitar," Murja ta ce a hankali.

Ya kira, ya sa a amsa-kuwwa. Likitar ta saurare shi har ya gama.

"Innalillahi. Malam Zainu, ya aka yi haka?"

"Wallahi Likita, mu ma abin da muke tambayar kanmu ke nan. Ba za a sake soka allurar ba?"

"Za a iya. Amma sai wurin ya huce, sai an ɗauki makonni. Kuma ba mamaki a sake samun amsar nan ta tsakiya. Murja tana kusa?"

"Ga ni, Likita."

"Sake magana in ji."

"Ina kwana."



"Tun yaushe muryarki ta dishe haka?"

"Jiya da safe. Ina jin sanyi ne ya kama ni."

"Allah Ya sa. Ni dai ba na son mu yi ta jira. Ku nemo akwatin nan. Kuma bari in sake tambayarki, kin tabbata ba wanda ya taɓa irin wannan a danginku? Uwa, uba, inna?"

"Babu. Ummata zazzaɓin damina ne ya ɗauke ta, ina 'yar shekara uku."

"To shi ke nan. Ku neme shi."

Ya kashe wayar ya durƙusa a gabanta, ya kama hannun da ke kan wuyan nata ya sauke shi, ya riƙe cikin nasa.

"Daina taɓawa, don Allah. Duk kika taɓa, ji nake kamar zuciyata ake latsawa."

Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

"Wa ya shigo ɗakin nan tun Talata?" ya ce.

"Ni da kai."

"Sai wa?"

"Sai Kaka, da ta zo dubiya. Ita kuwa me za ta yi da..."



Ta tuna. Ranar Alhamis da hantsi, Kaka, wadda ta haifi mahaifiyarta kuma ta raine ta tun tana ƙarama, tana zaune a nan kan darduma tana jan carbi, ta ga akwatin a kan madubi. Ta ce mene ne wannan. Zainul Abidin, da yake wasan jika da kaka bai taɓa ƙarewa tsakaninsu ba, ya ce, "Naman matata ne, Kaka. Legas za shi yawon buɗe ido, ya riga mu hawa jirgi."

Su biyu suka yi dariya. Kaka ba ta yi ba.

Washegari Juma'a tun kafin a karya ta ɗaure ƙunshinta, ta ce awakinta suna jiranta a Mawashi.

Ta ɗago ta dube shi. Daga yadda fuskarsa ta canza ta san shi ma ya tuna.

"Ɗauko mayafinki," ya ce.

*

Ana idar da azahar suka bar Kankia a kan mashin. Gero ya kai ƙugu dama da hagu, kore shar, amma Murja ba shi take kallo ba. Gabas take kallo, inda hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ba iska ba motsi, kamar mai jiran a ba shi izini.

Da suka wuce Kusada ya ɗan rage gudu.

"Bakina ne ya ja mana," ya ce ba tare da ya waiwayo ba.

Ta ƙara damƙe gefen rigarsa, ta jingina goshinta a bayansa. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji ƙullin ya motsa a maƙogwaronta kamar lomar da ta ƙi wucewa.

*

Kaka na zaune ƙofar ɗakinta a kan tabarma, faifai a cinya, tana tsinkar tafasa. Ta amsa sallamarsu ba ta ɗago ba.

"A'a, maigidana ne da rana tsaka? Ko ka gaji da 'yar birnin ne ka biyo tsohuwar zuma?"

Da wata rana ce da ya rama. Yau sai ya cire takalmi ya tsuguna nesa kaɗan.

"Ina wuni, Kaka."

"Lahiya lau. Ke kuma tsaye za ki gaishe ni? Zamna."

Murja ta durƙusa a gefen tabarmar.

"Kaka, wani ɗan akwati fari da ke kan madubina..."

"Ni na ɗauka."

Ko hannunta bai tsaya da tsinkar ba.

Zainul Abidin ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi! Kaka, kin kusa kashe mu da rai. Yana ina?"

"Na rufe shi."

"A ɗaki?"

"A ƙasa."

Murja ta ji kamar an watsa mata ruwan randa.

"Kaka... binnewa kika yi?"

"To mi ake da naman mutum in ba rufewa ba?" Sai yanzu ta ɗago, idanunta a bushe. "Tun kina 'yar mitsitsiya, in na tsehe maki kai, ina nike kai gashin? In na yanke maki farce, kin taɓa ganin na bar shi a tsakar gida? Cibiyarki da hannuna na tona na sa. Ban bar ko sili ɗaya naki ya kwana a waje ba, shekara ashirin da huɗu. Sannan a ce mani naman wuyanki za a ɗora a mota, hannu ya ba hannu, har Ikko? Wa kika sani a Ikko? Kin san wanda za shi buɗe? Kin san mi za shi yi da ragowar?"

"Likitoci ne, Kaka," in ji Zainul Abidin. "Na'ura ce za ta duba. Ko sunanta ba sa gani, lamba ce."

"Lamba. Ɗiyar tawa ce lamba?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Kai da bakinka ka ce yawon buɗe ido za shi."

Ya sunkuyar da kai. Murja ta ga yadda jijiyar gefen goshinsa ta tashi, ta san kuka yake haɗiyewa.

"Kaka, wasa nake. Wallahi wasa nake, Allah Ya sani. Ki dube ta. Ki saurari muryarta. Gwajin nan shi zai faɗa mana ko a yi mata aiki ko a bar ta. In babu shi, ko dai mu zauna muna jira abin yana girma, ko a yanka ta a makance."

"Ba mai yanka ta."

"To ki taimake ni kada a kai ga haka. Nuna mani wurin kawai. Ni zan tona, in wanke hannuna, in roƙi gafararki."

"A'a."

"Kaka..."

"Na ce a'a, Zainu. Ya tahi inda ya dace da shi. Shina nan kwance lahiya lau gefen na uwatta, ba mai tada..."



Hannunta ya tsaya cak a kan faifan.

Wata iska mai sanyi ta ratso tsakar gidan, ta kwashi ganyen tafasar ta watsar. Ba wanda ya bi ta kai.

"Gefen na wa?" Murja ta ce.

"Tsufa ne. Bakina ya zame."

"Gefen na wa, Kaka?"

"Ke, kada ki tsare ni da ido kamar alƙali."

"Kin ce na uwata. Me aka cire a jikin Ummata?"

Kaka ta juya fuska wajen garken awaki.

"Ba zazzaɓi kika ce mani ba?" Muryar Murja ta ƙara shaƙewa, sai da ta yi tari kafin ta iya ci gaba. "Duk shekara in damina ta faɗi sai kin ce in yi mata addu'a, lokacin nan ne zazzaɓi ya ɗauke ta. Yau da safe likita ta tambaye ni, na ce babu. Sau biyu tana tambayata, sau biyu ina cewa babu. Kaka, don girman Allah. Don darajar Annabi."

"Sallallahu alaihi wa sallam," tsohuwar ta faɗa can ƙasa.

Ta ajiye faifan. Ta daɗe tana goge tafin hannunta a zane, kamar akwai abin da ya manne.

"Nan ya hito mata," ta ce, ta nuna gefen hagu na wuyanta. "Daidai inda naki yake. Kina goye."

Murja ta rufe ido.

"Mun yi na gida, bai ji ba. Ubanki ya kai mu Kano. Suka kwantar da uwarki Rabi, suka yanka, suka cire. Ina zamne bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta hito ta miƙo mani kwalba, da ruwa a ciki, da abin shina yawo. Ta haɗa mani da takarda. Ta ce, Baba, ki kai wancan ginin na baya, za su duba su gaya mana ko mi ne ne."

"Kika kai?" Zainul Abidin ya tambaya, duk da ya san amsar.

"Na tahi. Wallahi na tahi har ƙofar. Na leƙa na ga kwalabe jere a kan katako, sun hi ɗari, kowace da naman ɗan wani a ciki. Wani yaro-yaron ma'aikaci shina cin gyaɗa a gefensu shina dariya. Na dubi tawa. Na ce wagga tsokar ni na ɗauki cikinta wata tara. Sai na sa ta cikin zanena na juyo."

"Abbana ya sani?"

"Na ce mashi na kai. Har ya koma ga Allah bai sani ba."

Aka yi wata tsawa can nesa, doguwa, kamar ana jan turmi a kan dutse.

"Kuma ta warke!" Kaka ta ɗaga murya kamar wani ya musa mata. "Ta warke sarai. Wurin ya rufe, ta koma daka, ta koma surfe, ta yi ƙiba. Shekara guda cur ba abin da ya same ta. Na ce to, kun gani."

"Daga nan fa?" in ji Murja.

Kaka ta sunkuyar da kai.

"Daga nan fa, Kaka?"

"Sai murya ta fara dishewa."

Zainul Abidin ya dubi matarsa da sauri. Ita ba ta dube shi ba.

"Muka ce sanyi ne. Sai tari. Sai ƙashin baya. Kafin lokacin kaka ya zagayo ko ruwa ba ya wuce mata sai da cokali. Ranar da za ta cika, tana son ta yi mani magana a kanki, bakin na motsi, ba abin da ke hita. Hannunki kawai ta kama ta sa cikin nawa."

Hawaye suka gangaro wa Murja, ba ta share ba.

"Asibitin ba su neme ku ba?" in ji shi.



"Sun aiko. Ta hannun malamin asibitin Kusada. Sau biyu. Wai ba su ga kwalba ba, a maido Rabi."

"Kika ce me?"

"Na ce ta warke."

 Akuya ɗaya ta yi kuka a garke.

Murja ta matsa kusa, har gwiwarta ta taɓa ta kakarta. Wannan hannun ne ya yi mata wanka, ya yi mata kitso, ya ɗura mata koko lokacin da ba ta da kowa. Ta kama shi. Sanyi ƙalau.

"Kaka, ba tsoron mutanen Legas ne ya sa kika ɗauke nawa ba. Ko?"

Tsohuwar ta kau da kai.

"Faɗa mani."

"In suka duba naki... In suka duba naki suka ce shi ne, mugun ciwon nan, to na Rabi ma shi ne. In kuwa shi ne, da na kai kwalbar da sun gani. Da sun kira ta sun yi mata wani abu." Ta ɗago jajayen idanunta ta zuba wa Murja. "To wa ya kashe ta ke nan? Hwaɗa mani, 'yar boko. Shekara ashirin da ɗaya ina cewa kwana ne ya ƙare. Kina so in tsaya gaban Ubangijina da wata amsar?"

"Kwana ne ya ƙare, Kaka," Zainul Abidin ya ce. "Ba mai ɗora miki. Amma na Murja bai ƙare ba."

"Kai ka sani?"

"Ban sani ba. Shi ya sa nake son a duba."

Ɗigon farko ya faɗo a kan faifan. Na biyu a bayan hannun Murja.

"Da me kika naɗe shi?" Zainul Abidin ya tambaya, ya miƙe tsaye. "Akwatin. Kin sa a leda?"

"Farin ƙyalle. Kamar yadda ake yi."

"Ƙyalle! Kaka, in ruwan nan ya sauka ya jiƙa ƙasar, lambar da ke jikin gilasan za ta goge, abin zai lalace. Ina ne?"

Idonta ya ci amanarta, ya zame ya tafi bayan rumbun da ke kusurwar gidan.

Murja ta bi kallon. A gindin rumbun, wajen da tun tana yarinya ake hana ta wasa ba a taɓa gaya mata dalili ba, ƙasar ta yi duhu, sabon tono, an kife tsohuwar ƙwarya a kai.

Zainul Abidin ya riga ya gani. Ya nufi inda fartanya ke rataye a jikin danga.

"Zainu!"

Ya tsaya.

Kaka ta dafa bango ta miƙe. Murja ba ta taɓa ganin ta da tsawo haka ba.

"Na rantse da wanda raina ke hannunSa, duk wanda ya sa ƙarfe a wurin nan, ban yahe mashi ba. Duniya da lahira. Ɗiyata na kwance, ba mai tone mani ita."

"Ba ita ba ce a wurin, Kaka, kwalba ce."

"Ban yahe ba, na ce!"

Ya tsaya da hannunsa a kan ƙotar. Ya juyo ya dubi Murja, ruwan da ya fara yayyafi yana sauka a fuskarsa, ba a gane wanne ne hawaye.

"Murjanatu," ya ce a hankali, "ni ba ita ta raine ni ba. Bari ya faɗa a kaina. In dai za ki rayu, na ɗauka. Ko mene ne na ɗauka."

Ya zare fartanyar.

"Ajiye, Yallaɓai."

"Murja..."

"Ba naka ba ne."

Ta saki hannun Kaka. Ta miƙe, ta cire mayafinta ta ɗaure shi tamau a ƙugu. Ta taka har gabansa. Ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta karɓi fartanyar.

"Ke!" Kaka ta dafe ƙirji. "Ke da na goya? Ke da na tauna na ba ki? Kin ji abin da na ce kuwa?"

Murja ta juyo. Ta dubi tsohuwar da ta fi so a duniya, tsaye cikin yayyafi, ɗankwali ya zame, furfura a waje. Ta buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Ta yi tari, ta dafe wuyanta, ta tattaro ɗan abin da ya rage mata.

"Na ji, Kaka. In kin yafe, na gode. In ba ki yafe ba, ni na yafe miki na Ummata tun yanzu."

Ta sa ƙafa ta ture ƙwaryar.

"Amma da hannuna zan tona. Kuma ba nawa kaɗai zan ɗauka ba. Da nawa da kwalbar Ummata, duka biyun za su Katsina wurin likita ranar Litinin."